Wane Baƙin Ciki Ne Ke Gina Mai Bi?

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a wa'azin majami'u da wuraren zaman makoki, cewa wahala makaranta ce, kuma Allah ba ya barin ɗansa ya sha baƙin ciki sai don ya gina shi. Masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke faɗi, kuma ba su rasa ayoyin kafa hujja ba. Sai dai duk wanda ya daɗe yana lura da mutane ya san maganar ba ta cika ba. Mutuwar ɗa takan mai da wata uwa mai taushin zuciya, wadda duk macen da ta rasa jariri a unguwa ita take nema, wata kuwa takan bar ta da ɗacin rai har ƙarshen kwananta. Cin amana yakan koya wa wani hikima, wani kuma ya fito daga ciki bai yarda da kowa ba, har da Allah. Da baƙin ciki ne da kansa ke gyara mutum, da gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira sun fi ko'ina yawan tsarkaka. Saboda haka abin da ya kamata a bincika shi ne me ke faruwa tsakanin raunin da girman, a wurin waɗanda girman ya samu.

Amsar da nake ganin Littafi Mai Tsarki ya fi goyon baya ita ce, baƙin ciki yana zama hanyar girma ne idan mai shi ya kai shi gaban Allah yadda yake, bai yi masa kwalliya ba, ya kuma samu mutanen da za su iya zama su saurara. Wanda aka haɗiye aka danne, aka rufe da murmushin ranar Lahadi, ba kasafai yake haifar da komai ba sai taurin zuciya. Ko wurin da aka fi jawowa a wannan batu, wato farkon sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, in an karanta shi har ƙarshe haka yake nunawa. Gaskiya ne manzon ya jero wahala da jimiri da halin da aka gwada da bege, kowanne yana haifar da na gaba. Amma bai tsaya nan ba, ya ɗora dukan jerin a kan ƙaunar Allah da Ruhu Mai Tsarki ke zubawa cikin zuciya, kuma ita ce ke yin aikin. Mai wa'azin da ya yanke maganar a tsakiya ya ba ciwo girman da na Allah ne, mai fama kuma yakan tashi daga gabansa da kaya biyu: ga abin da ya same shi, ga laifin cewa har yanzu bai ga amfaninsa ba.

Hujja ta farko tana cikin littafin addu'ar da Yahudawa da Kirista suka gada. Daga cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da ƙorafi, inda mai addu'a ke tambayar Allah har yaushe, da dalilin da ya sa ya juya masa baya. Waɗanda suka tattara su ba su tace waɗannan kalmomi ba, sun sa su a bakin jama'a don a rera su a sujada. Littafin Makoki, wanda aka rubuta bayan Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ya ƙara nuna wani abu. Huɗu daga cikin surorinsa biyar an tsara su ne bisa jerin haruffan Ibrananci 22, kowane baiti yana farawa da harafi na gaba, a sura ta 3 ma kowane harafi sau uku, shi ya sa ayoyinta suka kai 66. Mutumin da ya ga yara suna suma don yunwa a titunan birninsa ya zauna yana bin harafi bayan harafi, don kada wani ɓangare na baƙin cikin ya tsere bai faɗe shi ba. Sanannun ayoyin nan da ke maganar jinƙan Allah da ke sabuntuwa kowace safiya a tsakiyar wannan sura suke, bayan ayoyi 20 na ɗaci, kuma littafin bai ƙare a kansu ba. Ya koma kuka, ya rufe da fargabar ko Allah ya yi watsi da mutanensa ke nan. Mu ne muka ciro ayoyin daɗin muka manna a bangon falo, muka bar sauran.

Littafin Ayuba ya fi kowanne fito da batun fili, kuma yawancin masu yabon haƙurin Ayuba a surori biyu na farko suke tsayawa. A nan ne ya rasa 'ya'ya goma da dukiyarsa da lafiyarsa, ya zauna cikin toka yana susar miki da tsingaro, bai saɓa wa Allah da bakinsa ba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shi ne abu mafi kyau da suka yi a dukan littafin. Daga sura ta 3 Ayuba ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi, ya shiga tuhumar Allah da cewa ya mai da shi abin bara, yana neman a ba shi wurin da zai kai ƙara. Abokan kuwa suka tashi kare Allah da tauhidi mai tsari: Allah adali ne, ba ya hukunta marar laifi, don haka Ayuba ya binciki kansa. Da Ubangiji ya yi magana daga cikin guguwa, ya ƙure Ayuba da tambayoyi kan halitta, bai kuma taɓa gaya masa dalilin abin da ya same shi ba. Amma a sura ta 42 hukuncin da ya yanke abin mamaki ne. Masu kare shi ne ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi daidai a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Bambancin da ake iya gani shi ne, su a kan Allah suke ta magana, shi kuwa ko a cikin zafin ransa da Allah yake magana. Girman da ya samu kuma shi da kansa ya bayyana shi: sanin da yake yi wa Allah a da na jin labari ne, yanzu ya koma na gani da ido.

Me ya sa faɗin gaskiyar ciwo ke kai mutum nan? Domin kusan kowane mai bi yana ɗauke da wata yarjejeniya da Allah da bai taɓa furtawa ba: ina zuwa sujada, ina ba da zakka, ban cuci kowa ba, saboda haka gidana zai tsira. Muddin rayuwa na tafiya daidai, ba abin da zai tona wannan ciniki. Babban rashi ne ke tona shi, daga nan kuma mutum ko dai ya yi kamar ba abin da ya karye, ko ya yarda Allahn da ya ƙera wa kansa ya faɗi, ya tsaya gaban na gaskiya hannu wofi. Marubucin nan na Birtaniya, C. S. Lewis, ya wallafa littafi a 1940 yana bayanin wahala da hujjoji masu tsari, inda ya ɗauke ta a matsayin hanyar da Allah ke ɗaga murya don mutum ya farga. A 1960 cutar kansa ta kashe matarsa Joy, sai ya shiga rubuta abin da ke ransa, aka buga shi a 1961 da sunan aro. A ciki ya ce ya nemi Allah ya ji shiru, kuma abin da yake tsoro ya wuce daina ba da gaskiya, yana tsoron ya ci gaba da gaskatawa amma ya ɗauki Allah mugu. Bai rushe hujjojinsa na 1940 ba, amma bangaskiyar da ta fito a ƙarshen ƙaramin littafin ta fi ta farko tawali'u, kuma ta cikin waɗancan shafuka masu ɗaci ta bi ta iso. Ana cewa lokaci na warkar da komai. Duk mai ɗori ya san ƙashin da ya karye zai haɗe ko an gyara shi ko ba a gyara ba, sai dai wanda ba a ja aka daidaita ba a karkace yake haɗewa, mai shi ya yi ta ɗingishi. Jan nan da ke sa majinyaci ihu shi ne matsayin kuka a gaban Allah.

Za a ce, to ina haƙuri? Ashe ba gunaguni ne ya hana Isra'ilawa shiga ƙasar alkawari ba, kuma ba an umarci masu bi su yi farin ciki kullum ba? Wannan ƙalubale yana da nauyi musamman a wurinmu, inda ake yaba wa wanda ya bar ta ciki a ciki, namiji kuma in ya zub da hawaye a bainar jama'a sai a ce ya yi abin kunya. Ba mu kaɗai ba ne. Agustin na Hippo, ɗan arewacin Afirka, ya ba da labarin rasuwar mahaifiyarsa Monika a Ostiya a shekara ta 387. Da ɗansa ya fashe da kuka sai aka tsawata masa ya yi shiru, shi ma Agustin ya danne hawayensa har aka binne ta, don yana ganin bai dace a yi wa mai bi irin wannan kuka ba. Ya je gidan wanka ko zai ji sauƙi, bai ji ba. Sai da ya yi barci ya farka shi kaɗai a shimfiɗarsa, ya saki hawayen a gaban Allah, sannan zuciyarsa ta samu wurin hutawa. Ko a lokacin da yake rubuta labarin, bayan shekaru, ana jin yana kare kansa daga masu ganin ya yi laifi.

Amsar ƙalubalen ita ce gunagunin jeji da kukan Zabura ba abu ɗaya ba ne, ko da kalmominsu sun yi kama. Masu gunaguni a jeji junansu suke yi wa magana cikin alfarwai, sun riga sun yanke wa Allah hukunci, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar. Mai kukan Zabura fuskarsa na wajen Allah, kuma zafin maganarsa shaida ce cewa bai fid da rai daga wanda yake yi wa ƙorafin ba, don ba a kai kuka inda aka tabbata ba mai ji. Ga Kirista ma batun ya wuce muhawara, domin Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai ta da shi. A Getsamani ya gaya wa almajirai uku cewa baƙin ciki ya kusa kashe shi, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi, ya roƙi Uba sau uku a ɗauke masa abin da ke tafe. Miƙa wuyansa ya biyo bayan roƙon ne, bai share shi ba. A kan gicciye kuma da farkon Zabura 22 ya yi addu'a, wadda tambaya ce ta wanda ya ji an yashe shi. In wannan rashin haƙuri ne, to Ubangijin ikkilisiya bai cika ma'aunin da wasu dattawanta ke auna matan da suka rasa mazajensu da shi ba.

Ƙalubale na biyu ya fi wannan tsanani, kuma bai kamata a yi saurin wuce shi ba. In aka ce ciwo na gina mutum, ashe ba a mai da Allah wanda ke kashe yaro don uwarsa ta koyi darasi ba? Akwai malaman da suka ɗauki wannan hanya da gaske. John Hick, a littafinsa na 1966, ya bi sawun Ireniyus, ɗaya daga cikin malaman ikkilisiyar farko, ya ce duniya wurin ƙera rayuka ce, kuma in ba wahala ba za a samu jarumtaka ko tausayi ba. Tun a 1880 marubucin Rasha Dostoyebski ya sa wa Ivan Karamazov, wani mutum a cikin littafinsa, amsar a baki: in farashin jituwar ƙarshe shi ne azabar yaro ɗaya marar laifi, ya yi tsada, shi ba ya so. Masu karatu a arewacin Najeriya ba sa buƙatar littafin Rasha kafin su ji nauyin wannan. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har yau kuma akwai waɗanda ba su dawo ba. A watan Oktoban shekarar mahara suka mamaye hedikwatar ikkilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi. Wanda zai tsaya gaban iyayen nan ya ce an yi haka ne don bangaskiyarsu ta ƙaru, Elifaz ne ya dawo da kwat da Littafi a hannu.

A ganina Ivan ya yi gaskiya a kan abin da ya ƙi, amma abin da ya ƙi ɗin ba shi bishara ke koyarwa ba. Cewa alheri ya fito daga cikin mugunta daban ne da cewa an shirya muguntar don alherin, ko cewa alherin ya biya kuɗinta. Yesu ya ƙi irin wannan lissafi da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutane laifi ba. Labarin Yusufu, wanda aka fi kafa hujja da shi, ya fi yadda ake ba da shi kaifi. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya fito daga kurkuku, kuma ko bayan ya zama babba a Masar littafin Farawa ya yi ta nuna shi yana keɓewa yana kuka. Da ya zo faɗin cewa Allah ya juya abin ya zama ceton mutane da yawa, a numfashi ɗaya ya gaya wa 'yan'uwan cewa su mugunta suka nufa. Bai canza wa abin da suka yi suna ba. Sannan a lura da wanda ya yi maganar da lokacin da ya yi ta: wanda aka jefa a rijiya ne, bayan shekaru masu yawa. Da ɗan'uwansa Yahuza ne ya faɗe ta ranar da suke ƙirga kuɗin, da ta zama saɓo. Ma'anar ciwo shaida ce da mai ciwon kaɗai ke da ikon bayarwa, in ya kai wurin, kuma aikin mai ta'aziyya ya tsaya ga zama da saurare da kawo abinci.

Akwai kuma mai cewa duk wannan ba ya buƙatar addini. Tun tsakiyar shekarun 1990 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, suka yi ta nazarin mutanen da ke cewa sun ƙaru bayan bala'i, masu addini da marasa shi. Wannan bai kamata ya dami Kirista ba, tun da ya yarda Allah na sa ruwan samansa ya sauka a gonar kowa. Abin lura ma shi ne su ma sun gano kokawa da abin da ya faru ce ke kawo canjin, bala'in shi kaɗai ba ya kawowa. Wasu masu bincike daga baya sun nuna cewa jin mutum ya ƙaru ba kullum yake daidai da ƙaruwar gaske ba, wannan kuma gargaɗi ne ga majami'un da ke son a tashi a ba da shaida mako biyu bayan jana'iza. Ma'aunin da Sabon Alkawari ya bayar yana waje da abin da mutum ke ji game da kansa. A farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, inda ya amsa cewa a Asiya sun sha wuya har sun fid da rai, Bulus ya ce ana ta'azantar da mu ne don mu iya ta'azantar da wasu. Henri Nouwen, firist ɗan Katolika daga Holan, ya gina littafinsa na 1972 a kan wannan, cewa mai warkarwa shi ma mai rauni ne. Ana gane wanda baƙin ciki ya gina ta yadda yake iya zama kusa da baƙin cikin wani bai firgita ba, bai kuma yi gaggawar rufe masa baki da aya ba.

Daga nan ake gane irin warkarwar da aka yi alkawari. Almasihun da ya tashi daga matattu ya tashi da gurbin ƙusoshi a hannunsa, da su ma ya gamsar da Toma. Ayuba ya sake haihuwar 'ya'ya goma, amma goman farko suna kabari. Warkewa a nan ita ce raunin ya daina mulkin mutum, ya iya tuna abin ba tare da ya sake nutsewa ba, tabon kuwa yana nan. Ba kuma ta addu'a kaɗai take zuwa ba. Da Iliya ya gudu daga Yezebel ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ciyar da shi, maganar Allah sai can a Horeb bayan tafiyar kwana 40. Mai ciwon damuwar da ya daina barci da cin abinci, ko ya fara tunanin kashe kansa, likita yake buƙata tare da fasto, kuma tura shi azumi a wannan hali zalunci ne. Haka matar da miji ke duka: in aka ce mata ta koma ta ɗauki gicciyenta, an ɗauki koyarwar da aka bayar don ta'aziyyar wanda aka zalunta an miƙa wa azzalumi. Ciwon da za a iya kawarwa, kawar da shi ake yi.

Saura waɗanda ba su warke ba, kuma suna da yawa. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azin Landan, yana ɗan shekara 22 a 1856 wasu suka yi ihun gobara a zauren da yake wa'azi, mutum bakwai suka mutu a turmutsitsin, ya kuma yi fama da baƙin ciki mai nauyi a kai a kai har ƙarshen rayuwarsa, yana faɗin haka a fili ga ɗalibansa. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗauka. Duk koyarwar da ta ce kowane mai bi na gaske zai fito daga duhu kafin ya mutu ta faɗi abin da Littafi bai faɗa ba. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da kuka, babu inda ta juya zuwa yabo kamar sauran, abin da kawai ya mai da ita addu'a shi ne mai yin ta bai daina kiran Allah ba. Ba a cire ta daga littafin ba, an ma sa mata umarni ga shugaban mawaƙa. A tsohon littafin addu'ar Angilikan, inda ake karance Zabura duka cikin wata guda, tana zuwa ne a safiyar ranar 17 ga kowane wata, jama'a su karanta ta tare, da wanda ya samu sauƙi da wanda bai samu ba.